Gemun Kawu a Gaban Koren Labule

Babu wanda ya naɗa shi Darakta. Shi ya wayi gari ya naɗa kansa, ya daina amsa kowane suna sai wannan, ya kuma tara suma tuli guda a ka, wai haka manyan masu shirya fim suke yi don basira ta sami wurin zama. Iliminsa na haɗa bidiyo kuwa daga wani darasi ya samo shi a waya, darasin da bai kai ƙarshensa ba data ta ƙare. Amma in ya zauna yana bayani, sai ka rantse shi ya koya wa kwamfuta aikinta.

Matsalar Darakta ɗaya ce, ba shi da wurin aiki. A ɗakin kwanansu ya girke kwamfutar, wayoyi sun bi ƙasa sun bi bango, har ƙarƙashin gado. Matarsa ta yi haƙuri har ta gaji, ran nan ta tsaya a kansa da jaririyarsu a kafaɗa.

"Yarinyar nan ta fara ja da ciki," in ji ta. "Kafin ta yi rarrafe, tarkacen nan su bar mini ɗaki."

"Tarkace? Kamfani kike kira tarkace?"

"To kamfanin ya nemi ofis. In ba haka ba ni zan nema masa, a bakin bola."

Ofis kuwa akwai wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kansa. Kawunsa, yayan mahaifiyarsa, yana da shagon aski a bakin titi, a jikin shagon kuma akwai wani ɗan ɗaki da aka kwashe kayan ciki, yana zaune babu kowa. Sai dai ba shi kaɗai ke hange ba. Akwai mai gyaran waya, wanda ya shekara yana aiki a ƙofar shagon ƙarƙashin wata tsohuwar lema, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, kullum yana gaida Kawu har da rusunawa.

Shi Kawu mutum ne mai abu biyu a duniya: injin askinsa da gemunsa. Gemun nan ya sauko har ƙirji, baƙi da ratsin furfura, ana taje shi safe da yamma. Duk wanda ya yaba shi sai an ƙara masa turare bayan aski. Kwanan nan kuma Kawu ya haɗa wani man gemu na kansa, ya ɗura a ƙananan kwalabe, ya sayi ƙaton talabijin ya kafa a bangon shago, yana shirin tara abokan cinikinsa ya gabatar musu da man.

Darakta na jin haka ya faɗo shagon.

"Kawu, mai irin wannan ba a tallarsa da baki. Bidiyo zan yi maka. Zan ɗauke ka daga shagon nan in dasa ka a tsakiyar babban birni, benaye har sama, motoci na wucewa a bayanka, kai kana shafa mai."

Kawu bai dubi fuskarsa ba, sumar yake kallo, yatsunsa na motsi kamar yadda suke yi duk lokacin da ya ganta. "Wane birnin? Ni da ko tasha ba na son zuwa."

"Ko taku ɗaya ba za ka yi ba. Koren ƙyalle kawai za ka tsaya a gabansa. Manhajar kwamfuta ta cinye koren, ta bar ka, ni kuma in zuba birni a gurbin."

"Ta cinye koren ta bar ni. Ta yaya ta san inda kore ya ƙare na fara?"

"Ai nan ne aikin gwani, Kawu. Shi ya sa ba kowa ake kira Darakta ba."

Kawu ya shafi gemu. Can ya ce, "To ji nan, ɗan ƙanwata. Na san abin da ya kawo ka, ɗakin nan ne. In tallar ta yi kyau a gaban mutane, mabuɗi naka ne. In ka kunyata ni, na mai waya ne. Shi ko banza bai taɓa yi mini alkawarin birni ba."

Koren ƙyalle bai yi wuyar samu ba, domin labulen falon matarsa kore ne shar, mai sheƙi. Ya jira ta shiga wanka ya kwance shi, ya cusa a jaka. Kafin ya iso shago labulen ya yamutse kamar an kwana a kansa. Telan da ke maƙwabtaka da shagon, wanda ba a yin komai a layin ba da bakinsa ba, ya leƙo ya ce a kawo ya goge shi.

"Bar guga, Tela," in ji Darakta. "Manhajar da kanta take guga."

"Allah mai iko. In ta gama ka aro mini ita, ina da riguna."

Aka kafa labule da ƙusoshi a bangon ɗan ɗakin. Ɗakin kuwa ƙarami ne, don haka Kawu ya tsaya bayansa na gogar labulen, aka haska masa fitilar shago ta gefe. Darakta ya ɗora waya a kan kujera, ya tsugunna, ya miƙe, ya rufe ido ɗaya, ya kori mutanen da ba su tare masa komai ba. Kawu ya yi gyaran murya ya yi jawabinsa tsaf, ya ɗaga kwalba, ya tsiyaya mai a tafin hannu, ya murza a gemu har gemun ya ɗauki ƙyalli kamar sabon takalmi. Sau ɗaya aka ɗauka. Darakta ya ce maimaitawa aikin 'yan koyo ne.

Washegari ya kinkimo kwamfutar ya zauna a ɗan ɗakin, wai don ɗakin ya fara sabawa da shi. Tela ya ajiye ɗinki ya zo ya tsaya a bayansa. Mai waya ma ya matso bakin ƙofa, yana auna faɗin ɗakin da ido.

Darakta ya tsayar da bidiyon a farkonsa, daidai inda Kawu yake tsaye bai ko buɗe baki ba, kwalba na aljihu. Ya nuna wa manhajar koren labulen, ya danna. Rabin labulen ya ɓace, birni ya leƙo. Sauran rabin, wato duk inda ya yamutse, ya tsaya yana reto a kan benaye kamar tsumma a kan waya.

"Ba ta gama gugar ba," in ji Tela.

"Yanzu za ka gani." A gefen allon akwai wasu 'yan ma'aunai da ake ja hagu ko dama. Darakta ya kama na farko, mai ƙara wa manhajar haɗamar kore, ya ja shi har ya kusa ƙurewa. Tsumma ya ɓace. Sai dai wani siririn layi kore ya zagaye Kawu tun daga hula har kafaɗa.

"Kawu ya fara tsiro," in ji mai waya.

"Gefe ne kawai. Zan ɗan matse shi." Ya kama ma'auni na biyu, mai cin gefen hoto, ya ja. Layin ya ɓace. Darakta ya jingina da kujera ya harɗe hannu, yana jiran yabo.

Tela ya matso da fuskarsa kusa da allo. "Darakta, ina kunnuwan?"

Babu su. Kan Kawu ya koma sumul, hula na zaune a kai babu abin da ya tare ta.

"Tallar gemu ce, ba ta kunne ba," in ji Darakta. Amma ya ɗan mayar da ma'aunin baya. Kunnen dama ya dawo. Na hagu ya ƙi.

"Ka bar shi haka," in ji Tela. "Dama da ɗaya yake jin maganarka."

Darakta ya ja na uku, mai sa gefe ya yi laushi. Kawu ya narke ya zama hayaƙi, ana hango tagogin bene ta kafaɗarsa. Mai waya ya ja da baya yana neman tsari. Darakta ya mayar da shi da sauri, ya kama na huɗu, mai wanke koren da ya fantsama a fata. Kawu ya koma launin jar albasa.

"Wannan kuma zazzaɓin birni ne ya kama shi?" in ji Tela.

"Ku mutanen nan kuna hana fasaha numfashi."

Ya yi ta ja, ya yi ta mayarwa, wannan ya gyaru wancan ya ɓaci, har dai aka sami Kawu mai kunne biyu da launin mutane, tsaye a tsakiyar titi. Don ya burge su, sai ya danna wani wuri, hoton ya koma baƙi da fari, Kawu fari fat, bayansa baƙi ƙirin.

"Wannan shi ne sirrin aikin," in ji shi, yana nunawa da biro. "Duk abin da ya yi fari zai tsaya. Duk abin da ya yi baƙi ya tafi."

"To wannan toka-tokar da ke cikin gemun fa?" in ji mai waya. "Tsayawa za ta yi ko tafiya?"

Da data ba ta ƙare masa ba, da ya ji cewa toka-toka na nufin wurin ya riga ya fara hujewa. Amma Darakta bai taɓa rasa amsa ba tun da aka haife shi.

"Furfura ce. Manhajar ma ta san dattijo."

Tela ya ce a kunna su gani har ƙarshe. Darakta ya gwada, kwamfutar ta fara nishi, hoton na tafiya da ƙyar, domin tana kan dubawa ta tsanaki, mai tantance gashi ɗai-ɗai. Ya mayar da ita kan dubawa ta sauri, hoton ya zama dishi-dishi, ba a gane komai. Sai ya rufe kwamfutar ya ce kyauta suke so su kalli fim, su jira ranar taro. Ya bar ta ta haɗa bidiyon ita kaɗai. Shi ma bai kalla ba, saboda a daidai lokacin matarsa ta kira shi tana tambayar wanda ya tuɓe mata taga, ya tafi ba da haƙuri.

Ranar taro shago ya cika bayan la'asar, har da na tsaye a ƙofa. Duk mai gemu a layin ya zo. A kujerar gaba aka zaunar da tsohon hedimasta, wanda gemunsa ne kaɗai ke iya gaisawa da na Kawu ba tare da jin kunya ba. Kawu ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana ɗiga musu man a hannu, kowa ya murza a gemu, shago ya ɗauki ƙamshi. Mabuɗin ɗakin na rataye a ƙusa kusa da madubi, Darakta na satar kallonsa.

Darakta ya tashi ya yi jawabin da ba a nema ba. Ya ce abin da za su gani, ko a ƙasashen waje sai an yi layi. Ya ce ya tantance gemun Kawu gashi bayan gashi, har idonsa ya yi ja. Sannan ya taje sumarsa da yatsu, ya danna.

Sai ga Kawu a tsakiyar birni, benaye har sama, motoci na wucewa. Shago ya ɗauki sowa. Hedimasta ya gyara tabarau ya ce lallai yaron nan ya yi karatu. Kawu na gaske ya dubi Kawun talabijin, bakinsa har kunne. Darakta ya matsa kusa da ƙusa.

Kawun talabijin ya sa hannu a aljihu ya ce, "Ga man nan." Ya ɗaga hannu sama. Babu komai a hannun. Kwalbar koriya ce, manhaja ta haɗa da ita.

"Ina man?" in ji wani daga baya.

"Salon zamani ne," in ji Darakta. "Ba a nuna kaya da wuri, sai an ja rai."

Kawun talabijin ya tsiyaya iska a tafin hannu, ya murza a gemu. Gemu ya ɗauki ƙyalli. Ƙyallin kuwa hasken koren labulen da ke manne da bayansa ya kwaso, ita kuma manhaja an riga an sake mata linzami, duk abin da ya yi kama da kore nata ne. Wata 'yar huda ta buɗe a gefen haɓa. Ta biyu ta buɗe a ƙasanta. Duk inda hannun Kawu ya shafa, gemu sai ya bi hannun ya tafi. Kafin ya gama murzawa babu komai tsakanin leɓensa da maɓallin rigarsa sai titi, wata doguwar bas ta shigo ta kumatun dama ta fita ta na hagu.

Shago ya yi tsit. A cikin shirun nan muryar Kawu ta fito daga talabijin, cike da alfahari.

"Ku dubi abin da man nan ya yi wa gemuna. Haka zai yi wa naku."

Hedimasta ne ya fara kai hannu haɓa. Sai kowa ya kai. Wani ya ce shi dai ya fara jin ƙaiƙayi. Wani ya ce nasa ya yi sauƙi a hannu, ba haka nauyinsa yake ba da safe. Hedimasta ya miƙe da ƙarfin da ba a san yana da shi ba, ya ture mutum biyu, ya cusa kansa ƙarƙashin famfon wanke kai, tabarau da komai. Sauran suka bi bayansa. Aka yi wa famfo ɗaya taron dangi, masu tawul na gogewa, marasa tawul na amfani da labulen ƙofa. Wani direba ya kama madubi da hannu biyu yana ƙirga abin da ya rage masa.

"Jama'a, hoto ne," Kawu na faɗi, yana jan gemunsa na gaske don su gani. "Ga shi nan, bai je ko'ina ba."

"Naka ya saba da man," in ji Hedimasta daga ƙarƙashin famfo. "Namu sabon shiga ne."

Gumi ya karyo wa Darakta, amma bakinsa bai mutu ba. "Kowa ya zauna. Ƙaramin gyara ne, yanzu a gabanku zan yi shi." Ya jona kwamfutar da talabijin, ya kama ma'auni na farko ya mayar da shi can baya. Gemu ya dawo, kore shar kamar ciyawar damina, labulen ma ya dawo da duk yamutsewarsa ya rufe birnin.

"Wannan labulen ai na san shi," in ji wata murya daga ƙofa. Matarsa ce, da jaririya a baya, ta zo karɓar kayanta.

Darakta ya koma kan kwamfutar da sauri. Ya fizgi ma'aunin zuwa ɗaya ƙarshen, ya haɗa da na matse gefe. Wannan karon ba gemu kaɗai ba, kan Kawu gaba ɗaya ya tafi. Hula ta rage tana shawagi a sama, ƙarƙashinta fararen haƙora suna buɗewa suna rufewa a tsakiyar titi.

"Ni ne shaida," in ji haƙoran.

Tela ya zame daga jikin bango ya zauna a ƙasa, dariya ta hana shi numfashi. Mai waya ya juya baya don kada a ga fuskarsa, amma kafaɗunsa sun tona shi. Waɗanda suka gama wanke gemu suka fara dariyar su ma, suna ajiye kwalaben da aka ba su a kan tebur a hankali, suna sulalewa waje. Hedimasta ya fita yana ɗigar ruwa, ya ce zai dawo aski in gemun ya kwana lafiya.

Kawu ya kashe talabijin. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata Darakta ke nan. Ya je ya zare mabuɗi daga ƙusa ya miƙa wa mai waya, mai waya ya karɓa da hannu biyu. Sannan ya kakkaɓe ƙyallen aski, ya juyo da kujera.

"Zauna, ɗan ƙanwata."

"Kawu, ai ni ban..."

"Ka yi mini aiki, ba zan bar ka ka tafi haka ba. Gefen kawai zan ɗan matse."

Darakta ya dubi ƙofa, matarsa na tsaye a ciki ta tare ta. Ya zauna. Injin ya fara kuka, ya shiga ta hagu, wani curin suma ya faɗo a cinyarsa.

"Kawu, ka ci da yawa."

"Haka ne. Bari in daidaita da dama." Injin ya bi ta dama. Kawu ya ja da baya, ya rufe ido ɗaya, ya karkata kai. "Yanzu kuma dama ta fi. Ka san aikin gwani, sai ana ja ana mayarwa."

"Ai wannan ba ya mayuwa, Kawu."

"To ka ga inda injina ya bambanta da naka."

Haka aka yi ta daidaitawa har kan Darakta ya fito tas yana ɗaukar hasken fitila. Kawu ya shafa masa man gemu a kai, kyauta. Tela ya taso ya zagaya shi ya duba da kyau.

"Kunnuwa dai sun fito," in ji shi. "Duka biyun."

Matarsa ta ɓalle labulenta daga ƙusoshi, ta ƙirga hujojin da ido, ta gaya masa cewa yarinya ta yi rarrafe yau da rana, kuma wayar kwamfuta ta nufa kai tsaye. Ta ce ta riga ta tattara sauran kamfanin a buhu, yana ƙofar gida.

Mai waya mutum ne mai tausayi. Da ya gama share ɗakinsa ya jera kayansa, sai ya bar wa Darakta tsohuwar lemar da benci. Can Darakta yake zaune yanzu a bakin titi, da kwamfuta a cinya da hula har kunne, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi ya ƙi ɗakin da kansa, domin manyan daraktoci da hasken rana suke aiki.

Lemar kuwa koriya ce. Kawu in zai shiga shago sai ya dafe gemunsa da hannu, ya kewaya ta nesa.